Ni da kwamfutar 'yata mai girman sabulu

Shekarun baya kaɗan aka yi wani abu a unguwarmu a nan Kontagora, wanda har yau in na ratsa ta ƙofar makarantar yara sai in ga iyaye mata suna rufe baki da gefen mayafi. Bari in hutar da ku tun daga farko, kada ku yi ta laluben wane ne wawan labarin. Ni ne. Da farin gemuna, da hulata, da babbar rigata ta zuwa taro.

Ga wanda bai san ni ba, ni mai gyaran rediyo ne tun ina saurayi. Bokona ya tsaya a aji huɗu na firamare, inda ni da lissafin rabawa muka yi sallama cikin mutunci, kowa ya kama gabansa. Amma a bakin kasuwa Injiniya ake ce min, ni kuma ban taɓa hana kowa ba. Rediyon da ya shigo shagona yana tari, da waƙa yake fita. Daga baya na haɗa da talabijin da fanka da tocila. Saboda haka duk wani abu mai waya a jikinsa, a ganina ɗan gida ne, na san iyayensa da kakanninsa.

Ina da 'ya wadda nake kira Uwata, don sunan mahaifiyata ta ci. Ta yi karatun kwamfuta mai zurfi, ta dawo gida, aka ɗauke ta koyarwa a makarantar da iyayen unguwa suka gina da guminsu. A lokacin abin da ke damun kowa shi ne yaranmu suna zuwa jarrabawar da ake yi a kwamfuta alhali ba su taɓa taɓa ta ba. Yaro ya san amsa, amma hannunsa na rawa, har lokaci ya ƙare yana neman inda zai danna. Sai iyaye suka yi karo-karo a buɗe ajin kwamfuta, aka damƙa wa Uwata aikin. Wutar lantarki kuwa kun san halinta a garin nan, sai ta ga dama take leƙowa. Shi ya sa ta ce a bar manyan kwamfutoci masu shan janareto, a sayo wasu ƙanana waɗanda sola da batir za su riƙe su tun daga safe har a tashi.

Ranar da aka ce kaya sun iso, na fita ƙofar gida na zauna ina jiran mota. Har na sa an kawar da turmi daga hanya don mota ta sami wurin juyawa. Can sai ga Uwata a bayan ɗan acaba, da kwali ɗaya a cinyarta kamar ta sayo taliya.

Na ce, “Uwata, ina kayan?”

Ta ce, “Ga su nan, Baba.”

“A'a, kwamfutocin nake nufi.”

Ta buɗe kwalin ta ɗora min wani abu a tafin hannu. Jama'a, girman sabulun wanka. Sabulun ma wanda aka ɗan yi wanka da shi.

To mu a sana'armu hannu shi ne mita ta farko. Kafin ka kunce ko da noti ɗaya, sai ka ɗaga abu ka ji nauyinsa. Mai nauyi na asali ne, marar nauyi jabu ne, a haka aka koya mana, a haka muka tsufa. Rediyon da na fara koyon aiki a kansa sai mutum biyu sun kama ake ɗaga shi. Na ɗaga wannan abu sama, na sauke, na mayar da shi hannun hagu ko dama ce ta gaji. Babu. Ko ƙosai ya fi shi cika hannu.

Na ce, “Innalillahi. An cuce ki, Uwata. Babu komai a cikin nan.”

Ta yi dariya ta ce, “Gaskiyarka, Baba, yanzu kam babu komai. Sai na zuba mata manhajar da za ta tafiyar da ita tukuna.” Ta ciro wani ɗan memori kamar farcen jariri. Irin dai wanda muke kaiwa a zuba mana wa'azi da tsofaffin waƙoƙi. Wai a cikin wannan ne hankalin kwamfutar gaba ɗaya zai zauna.

Na daure na tambayi inda ake sayar da manhajar. Ta ce ba a sayarwa, kyauta ce, a intanet ake saukewa.

“Wa ya yi ta?”

“Mutane da yawa, Baba, a ƙasashe daban-daban. Wasu ma ba su taɓa ganin juna ba. Kuma a buɗe take, duk mai so zai iya duba yadda aka haɗa ta, ya gyara abin da bai yi masa ba, ya ba wasu.”

Nan fa na nemi kujera. Maigidana da ya koya min aiki, Allah Ya jiƙansa, duk lokacin da ya zo kan ainihin sirrin gyara sai ya aike ni ɗebo ruwa. In na dawo rediyo na magana, shi kuma yana goge hannu. Ni ma haka na yi wa na bayana. In mai rediyo ya tsaya a kaina, juya masa baya nake yi. Yau ga wasu mutane sun yi aiki sun baje shi a fili, ba kuɗi, ba rantsuwa. Na ce, “Uwata, su waɗannan bayin Allah ba su da iyali ne?”

Ku duba min: abu ba nauyi, ciki ba komai, abin da za a zuba masa kuma kyauta. Wane mai hankali ne zai kwanta da daɗi?

Kwamitin iyaye suka sa ranar gwaji. Da yake ni ne Injiniyan unguwa, hedimasta ya ce ni zan duba kaya in faɗi gaskiya, ko da 'yata ce. Na buga ƙirji na ce ai gaskiya ba ta da 'ya. A wurin akwai abokina, manomi ne mutumin Rijau, dattijo a cocinsu, wanda muka yi shekaru muna tsokanar juna tun kafin a haifi yaranmu. Akwai kuma wani ɗan kasuwa a cikin kwamitin mai sayar da tsofaffin manyan kwamfutoci, wanda tun farko bai ji daɗin an tsallake shagonsa ba.

Uwata ta sa memori, ta haɗa kwamfutar da allon talabijin, ta kunna. Allon ya yi baƙi ƙirin, sai ga wasu fararen rubuce-rubuce suna gudu daga ƙasa zuwa sama kamar tururuwa an zuba musu ruwan zafi. Na miƙe tsaye na ce, “A cire waya! Ta ƙone!”

“Tashi take yi, Baba. Zauna.”

Na zauna. Ba a jima ba kuwa allo ya yi haske, ga hoto, ga ƙananan alamomi a jere. Ta buɗe wurin rubutu, hedimasta ya rubuta sunan makaranta da yatsa ɗaya, ya fito ɓaro-ɓaro. Nan na fara zargin hannuna ya yi min ƙarya.

Sai hedimasta ya ce a nuna masa darasin bidiyo, tunda da shi aka yi wa iyaye alkawari. Ta buɗe wani da ke nuna yadda zuciyar ɗan Adam take bugawa. Zuciyar ta buga sau ɗaya, ta tsaya. Ta yi tsalle, ta sake tsayawa. Muryar mai bayani ta yi gaba abinta, hoto yana can baya yana ɗingishi.

Abokina ya leƙa ya ce, “Malama, in zuciyar mutum ce wannan, a aika a kira 'yan uwansa.”

Na sa bayan yatsa a jikin kwamfutar, na janye da sauri. Zafi kamar dutsen guga. Ɗan kasuwa ya gyara zama yana murmushi, murmushin da ya fi magana tsawo.

Hedimasta ya ce, “Baba Injiniya, me ka gani?”

Na yi gyaran murya. Na ce ƙarfe ya yi kaɗan, ƙarfi ya gaza, kuma abin da ya yi zafi haka a kan zuciya ɗaya, ranar da aka nuna masa hanji sai ya kama da wuta. Aka yi dariya. Ni ma na ji daɗin maganata, har na juya na ga fuskar Uwata. Ita ba ta yi dariya ba.

Ta ce, “Ranka ya daɗe, ba ƙarfi ne ya gaza ba. Akwai wani sashe a cikinta da ban kunna ba tukuna. A ba ni lokaci.”

Hedimasta ya ce ya ba ta zuwa ranar babban taron iyaye. In bidiyo ya tafi daidai a gaban jama'a, aji nata ne. In bai tafi ba, a tattara sabulai a mayar, a ba wani ajin, ita kuma ta tsaya ta yi wa iyaye bayanin abin da ta yi da guminsu. Kun san garinmu. Mace ta tsaya a gaban taro a ce ta salwantar da abin jama'a, wannan suna ba ya wankuwa, har gidan miji zai bi ta.

Ɗan kasuwa ya ce shi fa yana da sharaɗi: kada a je a sauya wata mai tsada a kawo. Nan aka zo fagena. Mu masu gyara muna da al'ada, duk kayan da aka kawo sai mun ɗiga masa alama a ciki da jan farce a gaban mai shi, don kada gobe ya ce an sauya masa kaya. Kwalbar jan farcen ba ta rabuwa da aljihuna, matata ma ta gaji da tambaya. Na buɗe murfin kwamfutar na yi mata alamata, ɗigo da 'yar ƙugiya, kowa ya shaida.

Da muka koma gida na kira ta zaure. Na ce ta yi min bayani da Hausa, ban da Turanci.

Ta ce, “Baba, a cikin wannan ƙaramin abu ma'aikata biyu ne. Ɗaya mai lissafi, ɗaya mai zane. Mai zanen aikinsa kenan, hoto da bidiyo, kuma gwani ne, ba ya cin wuta. Amma manhajar ba ta san yadda za ta yi masa magana ba tukuna, sai ya kwanta yana barci. Shi kuma mai lissafi ya haɗa nasa aikin da na ɗan'uwansa. Shi ya sa ka ji ya yi zafi, shi ya sa hoto yake tsayawa.”

“To ina mai zanen yake? Nuna min in taɓa shi da dalma ya tashi.”

“Ba a tashinsa da dalma. Da rubutu ake tashinsa.”

Na dube ta da kyau ko zazzaɓi ne. Tunda nake ban taɓa ganin ƙarfe ya ji magana don an rubuta masa wasiƙa ba. Na ɗauko ƙarfen narka dalmana da sukundireba, na ce ta ba ni rabin yini kawai, in ƙara mata ƙarfin wuta in ɗaura mata fanka. Ta rungume kwalinta kamar na ce zan yi wa jariri kaciya da adda.

“Baba, don girman Allah, kada ka taɓa.”

Kwanakin da suka biyo baya ban ji daɗinsu ba. In ta dawo daga makaranta sai ta shimfiɗa tabarma a inuwar mangwaro ta yi ta danne-danne. Ni kuma sai in ƙirƙiro dalilin wucewa, yanzu buta, anjima takalmi. Wata rana na leƙa na ga allo ya koma kore shar. Wata rana hoto ya rabe biyu, rabi ya zame gefe. Wata rana kuwa ta rubuta wani abu ta sake kunnawa, allon ya yi baƙi ya ƙi dawowa, ko tururuwar nan babu. Na ga ta dafe kai. Ta zare memori, ta goge, ta sake zuba manhajar tun daga farko. Na tambaye ta wa take rubuta wa a waya, ta ce masu amfani da irin manhajar take tambaya, wani ma daga wata ƙasa mai nisa ya ba ta amsa, ya ce ta gwada kaza.

Na ce, “Ya san ki?”

“A'a.”

“Ya san ni?”

“Baba, ina zai san ka?”

“To mutumin da bai san ubanki ba, me zai sa ya gaya miki gaskiya?”

Na roƙe ta. Na ce ta bari in je wurin hedimasta a asirce, a mayar da kaya shiru, a rufe maganar tun kafin taro. Ta ce in ƙara haƙuri, ta kusa. Na je wurin matata neman goyon baya, ta ce, “Malam, yarinyar nan karatun abin ta yi. Ka bar ta mana.” Na ce ita ma ƙarfen ya ruɗe ta.

Daga nan na yanke shawarar yin abin da kowane dattijo yake yi. Ku da kuka tashi a nan kun sani: in ɗanka ya yi ɓarna, ba ka jira a karanto laifinsa a gaban jama'a. Kai babba kake riga kowa tashi, ka cire hula, ka ɗauki laifin a kanka, ka ba da haƙuri. In furfura ta roƙa, ba mai iya ci gaba da tuhuma. Na ga iyayenmu sun kashe manyan rigingimu da haka, na gona da na aure. Sai na shiga shirya jawabi. Ina zagayawa bayan gida inda awaki suke, in tsaya in yi ta maimaitawa, har na gano daidai wurin da ya kamata murya ta karye. Awakin ma a nan suke daina tuƙa.

Da safiyar ranar taro ina ɗaura agogo, sai ga Uwata ta shigo da fara'arta.

“Baba, albishirinka, jiya da yamma...”

Na ɗaga mata hannu. “Kada ki ce komai. Na san abin da zan yi.”

“A'a, Baba, ai ina so in gaya maka...”

“Uwata, ubanki yana raye. Ki kwantar da hankalinki.” Na fice ina jin tausayinta, ina cewa a raina dubi yarinya, tsoro har ya sa ta murmushi.

Ajin ya cika maƙil. Maza a gaba, mata a baya, wasu ta taga. An ɗora babban allon talabijin a kan tebur, ga sabulun a gefensa kamar an manta da shi. Liman ya buɗe da addu'a, abokina ya yi tasu, sannan hedimasta ya ce, “Malama, bismillah.”

Ta kunna. Allo ya yi baƙi.

Yanzu na san tashi take yi, an ma taɓa gaya min. Amma a ranar baƙin nan da na gani a gindin mangwaro shi ne ya faɗo min. Na ce a raina shike nan, ta mutu a gaban jama'a. Kafin kowa ya buɗe baki na yi wuf na miƙe, na je na tsaya a gaban allon, na ba shi baya, na cire hula.

“Jama'a, salamu alaikum. Iyayena, 'yan uwana, ku dubi furfurar nan.”

Na ji Uwata a bayana tana cewa a hankali, “Baba. Baba.” Na yi mata alama da hannu ta baya.

Na ce yarinya ce, ba ta san duniya ba. Na ce mutanen intanet ne suka yaudare ta, mutanen da ba su san ubanta ba. Na ce laifina ne da na bar ta ta yi nisa a boko ba tare da na koya mata auna kaya a hannu ba. Na ce in akwai wanda za a tuhuma, ga ni, a bar min 'yata.

Daga baya aka gaya min abin da ke faruwa a bayana. Ita ba za ta iya katse mahaifinta a gaban mutane ba. Hedimasta ya gaji, ya yi mata alama da ido ta ci gaba, sai ta buɗe bidiyon ta kashe sautinsa, don kada muryar mai bayani ta hau kan tawa. Ni ban san komai ba. Abin da na gani kawai, mutane sun fara buɗe baki. Wasu suna karkata kai dama, wasu hagu. Na ce a raina jawabi ya kama. Wata tsohuwa a baya ta ce, “Ikon Allah!” Na ce, “Wallahi kuwa, Hajiya, ikon Allah ne, ƙaddara ce.” Na iso wurin karyewar murya, na karya ta yadda na shirya, har da ɗan hawaye wanda ban shirya ba.

Sai abokina ya miƙo sandarsa ya ja gefen rigata.

“Injiniya.”

“Bari in ƙarasa.”

“Injiniya, matsa gefe, kana tare mana.”

Na juya.

Jama'a, zuciya ce cike da allo, ja wur, tana bugawa sumul, jini na shiga yana fita, ba tsayawa, ba tsalle. Hular ta faɗi daga hannuna ban sani ba. Uwata ta saki sauti, sai ga bugun ya cika ajin, dum-dum, dum-dum, ya haɗu da nawa da ke neman fasa ƙirji. Ta rufe wannan ta buɗe wani, ga duniya ƙwallo guda tana juyi. Ta kira wata uwa daga cikin mata ta ɗora mata hannu a kan ɗan abin nan da ake ja a tebur don sarrafa allo, matar ta juya duniya da kanta, ta janyo ta kusa, har aka ga kogin Kwara kwance kamar igiya. Matar ta saki ta ja da baya tana salati.

Me kuke tsammani na yi? Na ce, “An sauya!” Ni da bakina, ba ɗan kasuwa ba. Na durƙusa da babbar riga na leƙa ƙarƙashin tebur ina neman babbar kwamfutar da aka ɓoye. Na bi waya da hannu har bakin taga, na tarar da batir kawai da wayar sola ta hau rufi. Na dawo na buɗe murfin sabulun. Ga ɗigona, ga ƙugiyata. Na ɗora yatsa a hankali ina jiran ƙuna, sai na ji ɗumi kawai, kamar ƙwan da kaza ta tashi a kai.

Na ce, “Uwata, me kika ƙara mata?”

Ta buɗe wani wuri ta nuna min 'yan layukan rubutu, ko wasiƙar gaisuwa ta fi su tsawo. “Ɗan abin da zai yi wa mai zanen magana na sauke, sannan na rubuta wannan. Ya tashi ya karɓi aikinsa. Sauran kwamfutocin kuma kwafar memorin kawai zan yi.”

Hedimasta ya danne dariya da ƙyar ya ce, “Baba Injiniya, kwamiti na jiran hukuncinka.”

Na nemi jawabi a kaina, na tarar wanda na shirya kaɗai ne a ciki. Na ce, “Ta yi.”

Abokina ya ce, “Ƙara murya, na baya ba su ji ba. Ɗazu ai har bakin titi ana jin ka.”

Aka bar mata ajinta a ranar. Ɗan kasuwa ma, don Allah, ya zo ya ɗaga sabulun ya juya shi, ya tambaye ta inda ake samu.

A hanyar gida ni na ɗauki kwalin, ban bari ta riƙe ba. Ba ta yi min magana ba har muka wuce masu gasa masara. Can ta ce, “Baba, yarinya ce ba ta san duniya ba?” Na ce rana ta yi zafi yau. Sai na ji dariya ta ƙwace mata, ta yi ta yi har tana riƙe ciki. A nan na san an yafe min, ko da yake an yafe ne ba a manta ba.

Yanzu in na tuna, ƙarfen ya ba ni mamaki, gaskiya ne, har gobe ban gane yadda rubutu yake tashin abin da dalma ba ta tasa ba. Amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne wannan: na ga allo ya yi baƙi na gaskata shi nan take, 'yata kuwa ta ce min ta kusa, ta zo da bakinta za ta yi min albishir, ban ba ta ko rabin wannan yardar ba. Ina ganin kare ta nake yi, ashe ni kaɗai ne a ajin nan na tsaya na ce ta gaza. Ajin yana nan har yau, yara suna ta danne-danne ba rawar hannu. Ni ma wannan rubutun da kuke karantawa a kan ɗaya daga cikin sabulan na yi shi, da yatsa ɗaya, bayan an tashi yara. Har yanzu in zan zauna sai na ɗan ɗaga ta na ji nauyinta. Hali ne, ba ya fita.

Amma a daren taron ban kai ga wannan hankalin ba tukuna. Da aka kawo tuwo bayan magariba, na ga ya kamata in ɗan gyara tarihi tun bai bushe ba. Matata tana zuba miya, ita da ta yi zaman taron nan fuskarta cikin mayafi tun daga sallamata har faɗuwar hulata. Na ce mata, in aka duba da kyau, jawabina ya taimaka. Na tausasa zukatan jama'a, na shirya su, shi ya sa da suka ga abin ya fi shigarsu. Na ce irin wannan dabara sai manya, kuma wata rana za a gode min.

Ta ajiye ludayi ta dube ni.

“Malam, ci tuwonka. Kai ne mutum na farko a Kontagora da ya je gidan suna ya yi ta'aziyya.”